Kiɗan da Ya Rasa Burki

Tun ranar da likitan ido ya ce wa Babanmu ya ajiye tuƙi, magana ta ƙaura daga gidanmu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin bas, wanda in ya kira fasinja sai an ji shi a layi na gaba, shi ne ya koma zaman kujera a falo yana kallon bango. A gaishe shi, ya ɗaga hannu. A kawo abinci, ya yi loma biyu ya ture. Yayata ta ce a mayar da shi asibiti. Yayana kuwa, mai basira, cewa ya yi a saya masa babbar talabijin, shi da ido ne matsalarsa. Ni ce auta, ni ce kuma nake zaune da shi, don haka ni abin ya fi ci wa rai. Tsoro nake ji ƙwarai kada wannan zaman ya cinye mana shi muna kallo.

Ni tela ce. A bayan shagona akwai shagon wani kafinta, kuma duk Asabar bayan azahar yakan ture katakai gefe, ya jera kujerun da masu su suka gaji da zuwa karɓa, a taru a yi kiɗa. Ba lasifika, ba abin da ake jonawa a bango, ba mai koyar da wani. Kafinta yana kaɗa jita. Malamar Lissafi tana busa sarewa. Mai Aski yana da ganga, Likitan Haƙori kuma yana da goge, yana goga shi yadda yake aikinsa, sai ka ji abin har cikin muƙamuƙinka. Ni nawa gwangwani ne cike da maɓallai, girgizawa kawai nake yi. Ban iya komai ba, amma a wurin nan kuskurenka yakan ɓace cikin kuskuren na kusa da kai, ka tashi ka tafi gida zuciyarka wasai.

Dokokin wurin biyu ne. Ta farko, ba a zuwa kallo: duk wanda ya shigo sai ya ɗauki wani abu ya buga. Ta biyu ta gama kiɗa ce. Tunda hannun kowa yana aiki, in za a tsaya ƙafa ake ɗagawa. Wani ya ɗaga ƙafarsa daga ƙasa, kowa ya gani, a yi bugu ɗaya a tsaya tare. Wanda ya tsaya shi kaɗai ba a ɗaga ƙafa ba ya jawo wa kansa. Shi zai riƙa share garin katakon shagon har wata ya mutu, kuma Mai Aski zai ba duk wanda ya zauna a kujerarsa labarin.

Da wayo na kai Baba. Na ce ya raka ni in karɓo saƙo, ya biyo ni yana jan takalmi. Muna shiga Kafinta ya miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi kujera mafi kyau, sannan ya duba hagu ya duba dama, ya zube kofunan shayi a kan benci ya miƙa masa tiren.

"Baba, a nan ba a zama hannu sake," in ji shi.

Baba ya juya tiren ya sake juyawa. Can sai ya riƙe shi a tsaye, hannu ɗaya nan ɗaya can, daidai yadda yake riƙe sitiyari. Aka fara kiɗa, sai ga yatsunsa suna bi. Ashe duk shekarun da ya yi a cunkoson motoci yana jiran danja ta ba da hannu, kiɗa yake koya ba mu sani ba. Na ga kafaɗarsa ta fara motsi. Na kau da kai don kada a ga idona.

Kiɗa ya yi daɗi, Mai Aski ya ƙara wuta, Malama ta bi shi da sarewa, gudu ya ƙaru. To, shi tsohon direba, in ya ji gudu ya yi yawa ba ya shawara da kowa. Ƙafarsa ta dama ta tashi da kanta tana neman burki.

Dum! Kowa ya tsaya cak.

"Har an gama?" in ji Baba. "Ai yanzu ya fara daɗi."

Aka kalli juna. Aka ɗauko wani kiɗan, yana fara zafi ƙafar ta tashi. Aka ɗauko na uku, haka. Shi bai san da dokar ƙafa ba, idonsa bai ga ƙafar kowa ba, bai ma san tasa tana motsi ba. Su kuma sun saba har abin ya shiga jininsu, ko da ido a rufe suka ji iskar ƙafa sai hannunsu ya tsaya. Wa zai buɗe baki ya ce wa dattijo shi ke kashe musu kiɗa? Ba wanda ya iya. A hanyar gida Baba ya ce da ni, "Auta, mutanen nan suna da kirki, amma ba su da dogon numfashi."

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi tun da aka raba shi da mota. Daga ranar ya fara cinye abincinsa har yana neman ƙari. Yakan tambaye ni tun Laraba ko gobe Asabar. Ya koma goge rigarsa da kansa, ya ƙona biyu, ban ce masa uffan ba.

Su kuwa mutanen Kafinta, watanni suka shuɗe ba su ga ƙarshen kiɗa ko ɗaya ba. Na roƙe su su yi haƙuri, suka ce a nemi dabara. Likita ya ce a riƙa yi a hankali kada gudu ya kai ga burki. Aka gwada, Baba ya ce wannan tafiyar ko mai tura baro ya wuce mu, ya soma gyangyaɗi. Kafinta ya kifa masa kwali a kan ƙafa, wai don kada ƙura ta ɓata masa takalmi. Sai kowa ya zuba wa kwalin ido, kwali ya tashi sama, aka tsaya. Ni ma na ba da tawa gudummawar, na ɗinka masa ƙarafa a bakin ƙafar wando. Abin da ya biyo baya shi ne ƙafar ta ƙara ƙwari, ta fi da saurin tashi. Malama ta auna shagon da ido ta ce a zaunar da shi bayan wata katuwar wadurof inda ba mai ganinsa. Ta manta akwai madubin wata amarya jingine a bango, ta kuma manta Mai Aski duk rayuwarsa ta madubi yake kallon duniya.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai Kafinta ne. Yana da wani kiɗa da ya haɗa da kansa, ya ajiye duk daɗinsa a can ƙarshe, kuma tun zuwan Baba ba a taɓa isa wurin ba. Wata Asabar, da aka sake tsayawa saura ƙiris a kai, ya ajiye jita ya miƙe, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Daga yau an yi sabuwar doka," ya ce. "Duk wanda ya ɗaga ƙafa ana kiɗa ya bar mu ke nan. Kowane ne. Ko ni ne!"

"Wace ƙafa kuma?" in ji Baba.

Na harari Kafinta harara mai kyau, amma magana ta riga ta fita. Malama ce ta sunkuyar da kai ta yi masa bayani a hankali, tana yi tana haɗawa da ban haƙuri. Baba ya daɗe yana duban wajen ƙafarsa. Sannan ya ajiye tiren a kan benci, ya gyara masa zama.

"Ku yafe ni," ya ce. "Ban san ni nake sauke ku a hanya ba."

Ya koma kujerarsa ta falo da bangonsa. Abinci ya koma loma biyu. Laraba ta zo ta wuce bai tambaye ni komai ba. Na yi kuka a kicin, na kuma yi alwashin sai na wanke Kafinta tas.

Ranar Asabar na shiga shagon da faɗa a bakina, na tarar sun riga sun fara. Doka ta farko tana nan, ba a zuwa kallo, don haka na ɗauki gwangwanina ina girgizawa da haushi, ina jiran su gama in zazzage musu. Kiɗan Kafinta suke yi. Suka zo inda Baba yakan taka burki, suka wuce. Suka isa ƙarshen nan da aka daɗe ana jira, kuma in faɗi gaskiya ko da raina a ɓace, yana da daɗi. Kafinta har da lumshe ido. Suka sake zagayowa, suka kuma sakewa. Mai Aski, da ya ga ba mai tare shi, ya yi ta ƙara wuta.

Sai da aka zagayo har na daina ƙirgawa na ga Kafinta ya buɗe ido yana kallon ƙafafun mutane. Kowace ƙafa tana manne da ƙasa. Wa zai ɗaga a kore shi? Wa kuma zai tsaya shi kaɗai ya ɗauki tsintsiya, labarinsa ya shiga shagon aski?

"Kafinta, soke dokar nan!" in ji Likita yana goga goge. "Hannuna ya mutu, kuma ranar Litinin akwai wanda zan cire wa haƙori!"

"Ba a soke doka ana tsakiyar kiɗa!" in ji Mai Aski. "Kai ka yi ta, kai za ka ɗaga."

"In ɗaga in bar shagona in koma ina?" in ji Kafinta.

Malama ba ta da bakin magana, sarewa ta toshe shi. Idanunta dai sun yi jajur, tana roƙonmu da gira. Ni kaina kafaɗata ta fara zafi, amma daɗi nake ji har raina. Na bar su suka ɗan ƙara dahuwa, sannan na ɗaga murya.

"Mutum ɗaya ne dokar ba za ta yi wa komai ba, tunda kun riga kun kore shi."

Ba wanda ya yi gardama. Aka miƙe da kayan kiɗa a hannu. A bakin ƙofa Likita ya yi ƙara, don ya tuna cewa tafiya ma ɗaga ƙafa ce. Haka muka fito titi muna jan ƙafafu a ƙasa, manya da mu, masu sana'a da mutunci, muna tafe shaa shaa muna tayar da ƙura, kiɗa kuwa sai ƙara gudu yake. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa. Wata mata ta tambayi wa ya rasu, wata ta ce a'a, haihuwa aka yi. Wani mai mota ya rage gudu ya bi mu a baya da fitila a kunne. Da muka zo kwata ba halin tsallakewa, sai da muka bi gefenta har inda aka rufe ta da siminti, tafiyar da ta ninka hanyar gida. Takalmin Likita ɗaya ya rabu da gindinsa, ya bar shi a nan.

A ƙofar gidanmu matakala ta tare mu. Muka jeru a ƙarƙashin tagar falo muna ta yi. An ɗan jima labule ya motsa, sannan ƙofa ta buɗe, Baba ya fito da rigar zaman gida, yana ƙanƙance ido.

"Baba, don girman Allah taka mana burki!" in ji Kafinta. "Na yi kuskure. Mun kasa tsayawa!"

Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Ya saurara, ya juya ya koma ciki. Na ce a raina shi ke nan, zuciya ta hana shi, kuma da gaskiyarsa. Sai ga shi ya dawo yana jan kujerarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da murfin babbar tukunyata. Ya zauna a saman matakala, ya dafe ƙafafunsa biyu a ƙasa.

"Wa ya koya muku taka burki a kan irin wannan gudun?" ya ce. "Ai sai ku kife da mutane. Ku ba ni motar tukuna."

Ya riƙe murfin hannu ɗaya nan ɗaya can, yatsunsa suka shiga. Kowa ya ƙura wa ƙafarsa ta dama ido. Kiɗa ya zagayo, ya zo wurin da take tashi. Na ga tana rawa, diddigen ya ɗan motsa, sai Baba ya danne ta da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito. Maimakon ya rage, sai ya ƙara. Mai Aski ya yi nishi ya bi shi. Hawaye suna bin sarewar Malama.

"Baba, ƙafar!" na ce. "Mutanen nan za su faɗi!"

Ya juyo wajen muryata, bakinsa har kunne, fuskarsa jiƙe da gumi.

"Auta, bar su su ɗan ƙara haƙuri," ya ce. "Rabona da gudu irin wannan tun ranar da aka karɓe min mota."

Na sauya wa gwangwanin hannu na ci gaba da girgizawa.