Fentin Banɗakin Baba Direba

"Ki bar min ƙofar nan a rufe, 'yar nan, ƙura za ta manne wa fentin."

Baba Direba ke faɗa min haka daga cikin banɗakinsa, muryarsa a shaƙe. Warin fentin mai ne ya koro ni daga ɗakina, don bango ɗaya ne tsakaninmu. Na same shi tsaye a kan bokitin da ya kife, burushi a hannu, har 'yar tagar sama ya toshe ta da kwali.

"Haba Baba, da wannan ƙirjin naka? Ka buɗe iska ta shiga mana."

"Iska ta jira. Gobe yarinyar nan za ta zo."

Yarinyar nan ita ce 'yarsa, wadda ita ma ta kusa yin jika. Tun rasuwar matarsa take son ya koma gidanta, shi kuwa ya kafe, wai a ɗakin nan matar tasa ta cika, a nan zai jira nasa lokacin. Zuwanta na ƙarshe ta ga fentin banɗakin yana ɓarewa, yana zubowa cikin ruwan wanka kamar ɓawon ƙwai, bangon ya yi baƙi. Ta ce, "Baba, danshin nan ne ke ƙara maka tari. In na dawo na tarar da shi haka, wallahi ƙafata ƙafarka."

Mutumin da ya tsufa a bayan sitiyari ba ya son a sa shi a kujerar baya. Ya kankare bangon da tsohuwar wuƙa, ya sayo shuɗin fenti. Mai shagon ya ce masa bututu ne ke yoyo a ciki, a gyara, a bar bango ya bushe tukuna. Baba ya ce shi ba shi da lokacin bushewa.

Na yi masa faɗa sosai, na wangale ƙofar na tokare ta da bulo. Ina juya baya na ji ya ture bulon, ya danna sakata. Raina ya ɓaci, na koma kan wankina.

Da la'asar na lura tarin ya tsaya. Tarin da kullum nake yi wa tsaki, shi na kafa kunne a bango ina nema. Na ruga na kira maigidana, ya ɓalle ƙofar da kafaɗa. Baba yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, burushi a cinyarsa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Washegari 'yar ta iso, gida cike da masu gaisuwa. Ta wuce banɗakin, na bi bayanta. Ko'ina ya shafe tsaf, sai kusurwa ɗaya inda burushin ya ja layi daga sama har ƙasa. Ta dafa bangon. Fentin bai bushe ba.

"Da na bar shi da danshinsa," ta ce a hankali.

Na kawo mata sabulu da kananzir, ta girgiza kai. Ta koma kan tabarma, tana amsa gaisuwa da shuɗin tafinta a buɗe kan gwiwa.