Ƙarshen Littafi a Ƙunshin Ƙosai

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai a Orozo, a bakin titin da ya miƙe zuwa Karshi, ya san Inna Ikilima. Mace ce marar wasa. Ba ta yin gyara sai ta ga dama, ba ta son a tsaya mata a kan kasko ana surutu, kuma ba ta zuba ƙosai mai zafi a leda. Cewa take leda tana sa shi gumi ya saki jiki. A takarda take ƙunsa wa mutane, yadda ta taso ta gani a Zariya.

Takardun a wani kwali take tara su a bayan ƙofar ɗakinta: tsofaffin jaridu, littattafan da 'yan makaranta suka gama da su, duk abin da maƙwabta suka miƙo. Ba ta yi boko ba, amma tana da dokarta. Kafin ta yagi littafi sai ta bi shafukansa da babban yatsa. In ta hangi rubutun Larabci, ko layi ɗaya ne, sai ta ware shi gefe, don ba za a ƙunsa abinci da sunan Allah a je a yar a kwata ba. In ba ta gani ba, shi ke nan, ya zama na ƙosai. Kuma daga baya take fara yaga, don bangon gaba ya riƙe sauran kada su watse.

Jikarta Zakiyya, 'yar sakandare, a hannunta take. Yarinya ce mai hankali, sai dai in ta kama littafin labari ko miya na ƙonewa a gabanta ba ta ji. Bara ta samu wani na Turanci, labarin wani gari da koginsa ke juyawa ƙarshen shekara ya riƙa gudu sama. Wata rana kogin ya ɗauke wani ƙaramin yaro, yayarsa Lucia ta bi shi. Kullum da yamma suna surfen wake, Zakiyya tana mayar wa kakarta labarin da Hausa. Inna takan taɓe baki ta ce, "Ƙaryar 'yan boko. Ina aka taɓa ganin ruwa ya hau sama?" Amma ranar da yarinyar ta yi shiru sai ka ji tsohuwar ta ce, "To, mutanen naki sun kwana a hanya ne?"

Littafin ya ƙare a daidai inda Lucia ta kama hannun rigar ƙanenta a bakin gajimare, rigar ta fara yagewa. Inna ta ajiye taɓarya.

"Sai me?"

"Shi ke nan, Inna. Sai a na biyu."

"Wane irin marubuci ne wannan marar tausayi? Ya bar ɗan mutane a rataye ya tafi abinsa?"

Haka yaron ya zauna a rataye har damina ta zagayo. Zakiyya ta dami kawunta Musaddiq, mai shago a kasuwar Wuse, har ya gaji. In ya je kantin littattafai a ce bai fito ba, da ya fito kuma a ce ya ƙare. Ranar da ya kawo shi yarinyar ta rungume shi kamar jariri, tana shinshina takardun, tana juya hoton bangon. A duk Orozo babu mai irinsa.

Sai dai ya zo ana tsakiyar jarrabawa. Inna ta ce, "Ba a buɗe shi sai kin rubuta ta ƙarshe. In na ga hancinki a ciki, a adakata zai kwana har Sallah."

Yaran yanzu, kun dai san su. Zakiyya ta amsa da to, ta nemi takardar buhun siminti ta yi wa littafin riga, ya koma kamar tsohon littafin lissafi, ta cusa shi can cikin kwalin bayan ƙofa. A ganinta nan ne kaɗai ba za a nemi sabon abu ba. In ta faki ido sai ta ɗan leƙa shafi ɗaya ko biyu ta mayar.

Ranar jarrabawar ƙarshe Inna ta tashi ta tarar jaridu sun ƙare. Ta zura hannu ƙasan kwali ta zaro wani littafi mai kauri. Ta bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, babu Larabci. Har ta yaba takardar a ranta, ga ta da ƙwari, za ta sha mai da kyau. Ta fita da shi bakin titi.

Da rana Zakiyya ta dawo da gudunta, ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa ɗaki. Jim kaɗan ta fito tana tafe a hankali, riƙe da littafin da Inna ta mayar cikin kwali, bayansa duk ya zaizaye.

"Inna, ina ƙarshensa?"

"Ƙarshen me?"

Yarinyar ta ɓare rigar simintin. Sai ga hoton kogi a tsaye, ga yarinya tana miƙa hannu. Inna ta san hoton, don sai da aka tura mata shi har hanci ranar da aka kawo.

Ba kukan da Zakiyya ke shirin yi ba ne ya fi damunta. Yaron nan ta tuna, shekara guda a rataye, yau ga shi ta yayyaga hanyar saukowarsa ta raba wa masu karin kumallo. Amma tsohuwa ba ta nuna irin wannan a fuska.

"Wa ya aike ki ɓoye littafi a kwalin ƙosai?" in ji ta. "Ki share hawayen nan, ba mutuwa aka yi ba. Ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Wurin waɗanda suka ci ƙosaina. Ba daga sama suka faɗo ba."

Allah ya taimaka, da safen an yi yayyafi, matafiya ba su tsaya sosai ba, yawancin masu sayen 'yan unguwa ne. Suka fara da shagon Magdalene mai ɗinki, wadda kullum take saya wa kanta da 'yan koyonta. Da ta ji abin da ya kawo su ta yi dariya har ta dafe keken ɗinki.

"Mama, yau kin sayar mana da ƙosai da labari a haɗe, kuma ba ki ƙara kuɗi ba."

"Ki duba mana kwandon shara, ki bar iyayi."

Suka tono takardun daga cikin ƙyallaye, a cukurkuɗe, duk mai. Magdalene ta jona dutsen guga ta shimfiɗa tsumma a kai ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Man ya sa takardun sun zama kamar gilashi, rubutun gaba da na baya suna leƙen juna, amma in an ɗora a kan farin yadi suna karantuwa.

Inna ta lura da yadda jikarta ke karɓarsu. Sai ta kifa tafin hannu ta rufe rubutun, ta leƙa lambar da ke ƙasa kawai.

"Ke da kike mutuwar son karatu, me ya sa kike rufewa?"

"Inna, in na ga abin da ya faru tun kafin in iso wurin, ai an cuce ni. Shekara guda nake jira."

Daga nan suka wuce wurin Bello mai facin taya. Shi ya goge hannu da nasa, sai hoton yatsunsa baƙi ƙirin a gefe.

"Hajiya, da kin faɗa mini da safe ai da na yi alwala kafin in taɓa," in ji shi.

"Da ka yi, da hannun nan ya ga ruwa sau ɗaya a shekara."

Haka suka bi layi, mai cajin waya, masu wankin mota, matar da ke sayar da tumatir. Wasu takardun a ƙarƙashin benci, wata a aljihun wando, wata an yi fifita da ita. Guda ɗaya ta tafi ke nan, wani direban tifa mai zuwa Uke ya wuce da ita. Zakiyya ta ɗan ɓata rai, sannan ta ce daga tsakiya ce, za ta iya cike gurbin da kanta.

Suka dawo rumfar ƙosai, yarinyar ta jera takardun a kan benci bisa lamba. Ta kai ƙarshe ta tsaya.

"Babu ta ƙarshen."

"Kin tabbata?"

"Ga shi maganar ta yanke a tsakiya. Ko aya babu."

Inna ta zauna a bakin benci. Tunda daga baya take yaga, wanda ya fara saye shi ya tafi da ƙarshen labari. Mai fara saye kuwa ba ya canzawa: Baba Godfrey, manomin doya, ɗan asalin garin, wanda ke biyowa da sassafe kafin ya haura gonarsa ta bayan dutse. Mutum ne mai hura wuta a gona ya gasa doya in rana ta take. Da me zai hura wutar in ba da takarda mai mai ba? Wannan tunanin ta riƙe shi a cikinta, ba ta faɗa wa yarinyar ba.

"Zai biyo ta nan in ya tashi," ta ce. "Kawo waken gobe mu tsince."

Suka yi ta tsinta. Zakiyya rabin idonta a faranti, rabi a hanya, har ta riƙa zubar da wake tana mayar da tsakuwa. Inna ta gani ta ƙyale ta.

Bayan la'asar sai ga shi tafe, fartanya a kafaɗa, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Tun daga nesa ya ɗaga hannu, ya soma magana da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji.

"Mama, sannu da gida. Wannan takarda da ka ba ni yau, ashe labari ne. Na karanta shi har sau biyu. Wannan yaro da yayansa ya kama..."

Zakiyya ta toshe kunnuwa da yatsu ta runtse ido. Inna ta zaro matsami ta nuna shi da shi.

"Rufe mana baki, Godfrey. Ina takardar?"

"Ah, ah, Mama, laifi ne?"

"Ka hura wuta da ita?"

"Na so in hura. Sai idona ya faɗa a kai, na ce wannan ba na wuta ba ne."

Ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙunshi. Irin kuɓewa ya ƙulle a ciki. Inna ta juye masa irin a murfin kwano, ta miƙa wa jikarta takardar a kife. Yarinyar ta leƙa lambar, ta gyaɗa kai, ta danna ta a ƙirji, dariya da hawaye a haɗe.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah kada ka faɗa mini komai."

"Ni ma ban gane komai ba, 'yata. Wane ne yaron? Me ya kai ruwa sama? Tun safe abin yana cina, har na sare doya ɗaya da fartanya."

"Ai wannan a littafi na ɗaya yake," in ji Zakiyya, idonta ya kawo haske. "Baba, ka ga, akwai wani gari..."

"Tsaya," in ji Inna. "Ba a tsaye ake ba da labari ba. Je ki ɗauko allura da zare a ɗinke abin nan tukun, kada iska ta mayar da mu wurin Bello. Kai kuma ga benci. Za ta taƙaita maka na baya, sannan a fara sabon daga farkonsa, kullum kaɗan-kaɗan. Wanda ya yi tsalle ya faɗi na gaba, ba shi ba ƙosaina."

Zakiyya ta ruga cikin gida. Inna ta bi ta da kallo har ta shige, ta ci gaba da tsintar wake kamar ba abin da ya dame ta. Can ta ɗan karkato, ba ta ɗago kai ba, ta yi ƙasa da murya.

"Godfrey. Yaron dai, ya sauko?"

Baba Godfrey ya jingina fartanyarsa da bango ya gyara zama.

"Mama, kai ne ka ce in rufe baki."

"Ni na ce."

"To, na rufe."

Ta harare shi. Shi kuwa ya ci gaba da 'yar waƙarsa yana kaɗa ƙafa. Inna ta ɗan nazarci fuskarsa. Shekaru tana ganin mutumin nan, ko akuya aka take a titi yini yake ba walwala. Wanda ya karanta mutuwar yaro ba zai sauko daga gona yana waƙa ba. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ture tsakuwar gefe.

Zakiyya ta fito da zare a baki, tana ta kokawa da kafar allura. Inna ta karɓa ta zura mata, ta haɗa takardun masu ƙamshin ƙosai ta ɗinke su da kyau, irin ɗinkin bakin buhu. Ta miƙa mata, ta jawo farantin wake kan cinya.

"To, bismillah. Kuma ki ɗaga murya, kunnen Godfrey ba shi da kyau."