Ranar da Yaya Nawal Ta Miƙe a Majalisa

Ƙafata ta hagu na baro ta a fagen daga kusa da Basra tun shekarar tamanin da shida. Wadda nake takawa yanzu ta roba ce, kuma ɗakin da ake gyara mana ita a asibitin garinmu shi majalisa ta ce za ta rufe. Mu goma sha ɗaya muka je zaman majalisar, tsofaffin sojoji, sai yayata Nawal, wadda ta shekara talatin tana koyar da lissafi.

Ustaz Samir, mataimakin shugaban majalisar, ya ajiye kofin shayi. "Jama'a, zaɓi biyu ne. Ko kuɗin su tafi ɗakinku, ko gyaran rufin makarantar 'yan mata."

Jikokinmu suna makarantar nan.

Nawal ta miƙe. "Ustaz, wa ya ce biyu ne? Na karanta takardar kasafin kuɗin. Akwai sababbin motocin majalisa a ciki. Me ya sa ba rufi ko mota ba?"

Ya ɗaure fuska. "Bara mun kama wani da takardar soja ta jabu."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Don mutum ɗaya sauran ɗari huɗun da ke zuwa ɗakin su yi rarrafe?"

Ya kira ta da sunan ɗanta. "Ummu Ziyad, ai ƙaninki kike karewa."

"Ƙwarai. Amma ko gaba nake da shi, motocin suna nan cikin takardar."

Sai Abu Falah, wanda muka kwana rami ɗaya da shi a fagen daga, ya maka sandarsa kan tebur. "Wanda bai taɓa jin ƙarar igwa ba ya rufe mana baki!"

Muka ɗauki sowa. Na ga ɗan sandan ƙofa ya tako ciki. Da an fitar da mu, shi ke nan.

Nawal ta juyo. "Abu Falah, zauna. Ni ma ban je ba, in rufe nawa? Rashin zuwansa yaƙi bai sa maganarsa ta zama ƙarya ba. Hujjarsa ce ba ta tsaya ba."

Abu Falah ya zauna. Ɗan sandan ya koma bakin ƙofa.

Shugaba ya ɗage zaman mako biyu. Daga ƙarshe aka bar ɗakin a buɗe, kwana uku a mako maimakon shida.

A hanya na ce, "Yaya, kin kunyata Abu Falah gaban mutane."

"Na sani," ta ce, ba ta dube ni ba.

Har yau in Abu Falah ya hango ta, tsallake titi yake yi.