Baƙin Soson Rabo

Ban yi sallama ba. Na banka ƙofar Rabo da ƙafa, hannuna riƙe da guntun katangata da ya faɗo, jiƙe sharkaf.

"Ga aikinka! Ruwan kifinka ya cinye mini gini har gindin ɗakin kwanana. Yau ko ni ko kai a unguwar ga!"

Rabo maƙwabcina ne, katanga ɗaya muke. Gilashin taga yake yanka a kasuwar Dutsi, har matarsa ta rasu, sai ya koma haɗa akwatunan gilashi yana cika su da ruwa, yana kiwon kifaye 'yan mitsi-mitsi masu launi, ma'aikata na saye suna ajewa a falo. Kifin da ko miya ba ya yi! Ruwan da yake zubarwa a jikin katangata yake kwanciya, ga ɗan injinsa mai hura iska yana mini gunji a kunne ba hutu. Na kai ƙararsa wurin mai unguwa har mai unguwa ya koma ɓuya in ya hango ni.

Na tarar da shi kwance kan tabarma tsakanin akwatunan, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Bai ko dubi guntun katangar ba.

"Mas'uda, taho ki gani."

"In ga mi? Ƙwari?"

Ya nuna wani ƙaramin akwati da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu saboda zafi. Ciki wasu jajayen abubuwa ne da ba su kai gaɓar yatsa ba. Jatan lande ne, wai, wasu ƙwarin ruwa da wani direba ke kawo masa daga Kwatano. Shekara da shekaru suna mutuwa masa, yana gauraya ruwan sama da na famfo, yana sake tsarin akwati. Yanzu ɗaya ta ɗauki ƙwai a ƙarƙashin cikinta. A kusurwa akwai soso baƙi ƙirin, an soka masa tiyo, kumfar iska na fita daga kansa.

"Soson ga," in ji shi, yana numfashi da ƙyar, "kada ki bari a wanke shi. Baƙin nan masu rai na, ido ba ya ganinsu, su ka cinye dattin ruwan. In sabulu ya taɓa shi, ruwan ya zama dafi."

"Ni ka samu? Ni da tukunyata ba ta kwana da baƙi?"

"Ke ɗai ta a unguwar ga, in kin ce a'a, to a'a ta."

Haushi ya ƙara turnuƙe ni. Ko haƙuri bai ba ni ba, sai aiki! Na dire masa guntun katangar a kan tabarma na fita. Ran Juma'a aka ɗauke shi zuwa likita, bai dawo da ƙafarsa ba.

Gaisuwar mutuwa dole ce, ko don bakin mutane. Na saka sabon zanena na shiga. Mata cike da tsakar gida, suna kaucewa akwatunan, don an daɗe ana raɗa cewa iskoki Rabo ke tsarewa a gilashi. A bakin rijiya na ga yayarsa A'i, wadda ta zo daga Dumega, durƙushe gaban baho cike da kumfa. Sosunan manyan akwatuna duk ta wanke su tas ta mayar. A hannunta ga na ƙaramin akwatin, yana ɗiga, bai kai ga kumfar ba tukuna.

"Ke! Wa ya sa ki?"

"Wace tambaya ta wagga? Baƙi na shigowa, su iske ƙazanta gidan ƙanena?"

Na fizge soson. Ta riƙo tiyon, muka hau ja, baƙin ruwa ya bi mini sabon zane har idon sawu.

"Ke da kika hana mishi sakat yana da rai," A'i ta ɗaga murya, "yau kin taho cin gado?"

"Gadon mi? Ƙwari? Ya ce kada a wanke, kuma wallahi ba a wankewa!"

"Ya ce miki? Ke? Duk Dutsi ya rasa wanda zai ba amana sai maƙiyiyarsa?"

Maganar ta soke ni. Mata suka yi ca, wata na cewa iskokin sun hau ni. A'i ta saki tiyon ta tofar da yawu.

"Kwashi tsiyarki ki bar muna gida."

Na rage ruwan a bokiti, na jefa soson ciki, na ɗora akwatin a ka. Na dawo na cire injin ƙaramin akwatin daga lantarki a gaban idonsu.

Kafin sadakar uku, ruwan manyan akwatuna ya yi fari, kifayen duk suka taso ciki sama. A'i ta ce iskoki sun bi ubangidansu. Ta sa aka zubar da ruwan, a ina? A gindin katangata!

Har yau ina jin haushin Rabo. Katangar ba ta gyaru ba, zanena bai fita ba, gunjin da na yi shekaru ina kai ƙararsa yanzu a ɗakina yake, kusa da gadona. Ya tafi bai ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban ce masa sannu ba, wannan ya fi ci mini rai.

Wata safiya na shigo daga wanke-wanke, hannuna duk kumfa, na leƙa akwatin. Cikin uwar mai ƙwan nan ya zama wayam. A jikin soson wasu ɗigo-ɗigo ne da ba su kai ƙwayar gero ba, suna motsi, suna tsattsagar baƙin. Na mayar da hannuwana baya, na sunkuya ina kallo, kumfar tana bushewa a yatsuna.