Almakashin Mai Gyara da Layin Marigayi

Kai ka kashe min layi, mai gyara, kuma daina sunkuyar da kai kana hura ƙurar wayar wani kamar ba ka san ni ba. Ni ce tsohuwar da ta kawo maka waya waccan Litinin da gilashi a fashe.

Shekara bakwai tana hannuna. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya saya, shi ya yi rajistar layin da sunansa. Gilashi kawai na ce ka sauya. Da na dawo sai ka miƙo min wata mai kama da ita sak, kana washe baki. Wai tawa injinta ya gaji, wannan ƙanwarta ce, suna ɗaya, kamfani ɗaya, har ta fi ta kyan hoto. Na ce ni hoton wa zan ɗauka, tukunya? Ka yi dariya. Kafin in ankara ka jawo almakashi kana datse katin layina, wai ramin wannan ƙarami ne, sai an rage shi.

"Mama, kin san aikin nan ne?" in ji ka. "Ki bari kawai."

Na bari.

Na je gida, waya shiru. Na fita tsakar gida, na tsaya bakin ƙofa, na hau kan turmi da ƙafata mai ciwo ina ɗaga hannu sama. Ko sandar sabis ɗaya ba ta kawo ba. Kwana biyu ina haka, sannan na kai wa tela maƙwabcinmu, na haɗa masa da kwalin tsohuwar, wanda nake zuba magunguna a ciki. Ya sa tabarau, ya gwada lambar kwalin da ta bayan wayarka. Ya ce lambobin sun yi daidai sai harafin ƙarshe. Tawa an yi ta don ta ɗauki kowane layi. Taka kuwa ta wani kamfanin layi na ƙasar waje ce, a kulle take, ba layin da za ta karɓa a nan. Ya zare katin ya sa a tasa wayar, shi ma shiru. Almakashinka ya ci har cikin zinariyar katin.

Na tafi ofishin masu layi, na bi jere tun safe har azahar. Wata yarinya mai ladabi ta ce a kawo mai layin ya dangwala yatsa. Na ce mai layin shekararsa huɗu a kabari. Ta ce to sai takardar kotu, kuma za ta ɗauki makonni.

Ni ba ni da makonni. Autana ya tafi neman aiki nesa, shekara uku ke nan. Ba shi da waya, ta mutane yake ara, kuma lambar ubansa ce kaɗai ya haddace. Kiran da ya yi na ƙarshe tari yana tsinke masa magana. Ya ce jikin ya ƙi, zai taho gida, zai kira ya faɗa min tashar da zan tarbe shi. Yau kwana goma sha ɗaya. Ban sani ba ko ya kira sau ashirin, ko yana kwance a wata tasha, ko yana zaton uwarsa ta kashe waya don kada ya dame ta.

Yanzu kana ce min in yi haƙuri, za ka ba ni sabon layi kyauta. In yi me da shi? Wa ya san lambarsa?

Rufe shagon nan. Ka ɗauko tsohuwar wayata duk inda ka kai ta, ka wuce gaba mu je wurin shugaban kasuwarku, daga can ofishin masu layi. Ka faɗa musu da bakinka abin da hannunka ya yi, ka tsaya har a ta da lambar nan. Ba zan ɗaga daga bencin nan ba sai ka amsa min: in yaron nan ya kira bai same ni ba, wa zan riƙe?