Ƙofar Motar Ayal

Shekara ashirin na yi ina jan babbar mota daga tashar jiragen ruwa ta Tiksi, can ƙarshen arewacin duniya, ina bi ta kan Kogin Lena idan ya daskare. Da ɗana Ayal ya gaje ni, abu ɗaya na nanata masa: a kan ƙanƙara direba ba ya rufe ƙofa. Da ka ji ƙanƙarar ta dare, ka diro, ka bar wa ruwa motar.

Bana teku bai daskare da wuri ba. Jirage suka yi ta sauke kaya, kogin kuwa bai yi ƙwari ba. Kamfani ya ce a ƙara wa kowace mota tan biyar, in ba haka ba jiragen za su koma wata tasha, garinmu ya mutu.

Da safe na kai masa ɗanyen kifi da shayi bakin kogi.

"Ayal, lodin nan ya yi yawa."

"Baba, kai ma ka yi teɓa, ƙasa ba ta tsage ba."

"Ja'iri. Ƙofar dai."

"Na ji, tsoho. A buɗe, ko kunnena zai gutsure."

Ya hau kogin, ƙofar tana lilo, iska tana yankan fuska. Bai kai kwanar farko ba na hango hannunsa ya fito ya jawo ƙofar ya rufe.

Yau kwana tara babu labarinsa. Har yanzu ban gaya wa uwarsa abin da na gani ba.