Warin Takalmin Dogo

"Ba wannan ba, na hagun," in ji Kofur, yana jan numfashi da ƙyar. "Kai in ba ɗinki ba, ba abin da ka iya."

Tela ya mayar da na daman cikin kwali, ya cusa na hagun a leda. Katangarsu ɗaya da tsohon sojan nan, amma bai taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba, har abin ya ba shi tsoro. Kofur ya baro ƙafarsa ta hagu a filin daga tun Tela bai zo duniya ba. Abokinsa Dogo kuwa ta dama ya baro, a rana ɗaya. Da yake lambar takalminsu ɗaya, duk shekara sai su haɗu a gindin bangon da aka zana sunayen waɗanda ba su dawo ba, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa warin da ba shi da ƙafar sa wa. Ba sa waya, wai waya ta matasa ce. Yau ce ranar, ga shi ciwo ya kwantar da Kofur.

Kofur ya ce, "In bai gan ni ba zai ɗauka na riga shi. Ka ce masa ina nan. In zai iya, ka taho min da shi."

'Yar Kofur ta biyo Tela har bakin ƙofa. "Don Allah kada ka daɗe, Malam. Ka dai ga yadda jikin yake."

Direban motar hayar da ya shiga kamar da gayya yake, ko akuya ta ɗaga kai sai ya tsaya. Tela ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Da ya isa filin da bangon yake, an aske ciyawa tas, mutane na ta ɗaukar hoto, ga masu tallar ruwan sanyi. Ya bi bangon ya dawo, ya sake bi, ba ya kallon fuskar kowa sai ƙafafu.

Can ya hango wata tsohuwa a kan benci da leda a cinya. Ita ma ƙafafun mutane take kallo.

"Sannu Baba. Ko daga gidan Dogo kike?"

"Maigidan ya rasu watan jiya," ta ce. "Ya riga ya saya ya ajiye. Ya ce kada Kofur ya zo ya tarar ba kowa."

Suka yi musayar ledoji, don ba su san abin da za su yi ba kuma.

Duk hanya Tela shirya ƙarya yake. Zai ce Dogo na gaisuwa, ciwon baya ne ya hana shi tahowa. Ya tarar da Kofur ido biyu, 'yarsa na yi masa fifita. Tsohon ya karɓi takalmin, ya shafa shi, ya zura hannu ciki. Sai ya zaro igiyar a naɗe, yadda ta fito daga kanti.

"Dogo bai taɓa ba ni takalmi bai zura igiya ba." Ya ɗago ya dubi Tela. "Yaushe?"

Tela ya ajiye ƙaryar. "Watan jiya, Baba."

"To. Kullum shi ke gaba, ga shi da ƙafa ɗaya." Ya miƙo igiyar. "Zura min. Ai aikinka ne."

Tela ya durƙusa a gefen gado yana bin hudojin ɗaya bayan ɗaya. Bai kai na ƙarshe ba numfashin tsohon ya ɗauke, 'yar ta ajiye maficin a hankali. Shi dai bai ɗaga kai ba, ya ƙarasa zurawa, ya ɗaure.